Kyautar da Ba a Yi wa Hajjo Ba

Duk Garo an san Hajjo ba ta faɗin sunan Badaruddeen. Shi ne ɗanta na fari, ita kuwa jinin mutanen nan ce da suka bar bin shanu suka zauna noma, sun rabu da garke amma ba su rabu da kunya ba. Ko yana jariri ba ta ɗaukarsa a gaban mutane. Da aka yaye shi kakarsa ta wajen uba ta tafi da abinta, ya tashi yana ce wa kakar Inna, uwar kuma Adda, kamar wata yayarsa. In zancensa ya zama dole, sai Hajjo ta ce "wancan", ko "yayan Mansura". In ya zo gaisuwa daga bakin ƙofa yake durƙusawa, ta amsa tana kallon ƙwaryar da ke gabanta. Saƙo kuwa autarta Mansura ce ke kaiwa ta komo da amsa, ko da su biyun suna tsakar gida ɗaya.

Kada wani ya ɗauka ƙi ne. A cikin 'ya'yanta babu wanda take so kamarsa, shi ya sa ma take ɓoyewa.

Bayan rasuwar mijinta da 'yan shekaru Badaruddeen ya samu aiki a wani banki a Gwarzo. A Garo cewa ake yi ma'aikacin banki ne, kuma ba a yi ƙarya ba, sai dai ɗan kwantiragi ne, irin waɗanda ake turawa ƙauyuka a kan babur da farar riga su lallashi mutane su buɗe asusu. Kowane wata akwai adadin da aka ɗora masa, in bai cika ba ya sha faɗa. Da gida ya fara. Mansura ta kawo saƙo, Hajjo ta dangwala yatsa inda aka nuna mata, bayan kwana biyu aka kawo mata kati. Ta naɗe shi a ƙyalle ta cusa a ƙasan kwalla. Ba ta tambayi komai ba, don wanda za a tambaya ɗin ba ta magana da shi.

Da ta sayar da gyaɗarta aka zuba kuɗin a ciki, ta riƙa tsakura kaɗan-kaɗan a wajen Salisu, mai na'urar cire kuɗi da ke zama ƙarƙashin lema a bakin titi. Hajjo ba ta karatu, amma lissafin abin da ta ajiye ba ya kwance mata. Damina ta yi nisa, masararta ta fara yin rawaya tana neman taki, ta kuma san abin da ya rage mata ko rabin buhu ba zai saya ba. Ta je ta ce wa Salisu ya kwashe mata ragowar. Ya latsa, ya duba, ya ce ai Inna Hajjo da sauran kuɗi masu kauri a ciki. Ta ce ya sake dubawa, idonsa ne. Ya sake, ya faɗi abin da ya faɗa da fari, ya ƙirgo mata kuɗin buhu guda ya ce ga shi ma an bar saura.

Hajjo ta kamo hanyar gida ƙafarta kamar ba ta taka ƙasa. Wa zai zuba mata kuɗi a asusun da shi ya buɗe, a bankin da shi yake aiki? Yaron nan ya san ba za ta karɓa daga hannunsa ba, ya san ba za ta iya buɗe baki ta roƙe shi ba, shi ne ya samo hanyar da babu mai jin nauyin wani. Ta shiga ɗaki ta saki labule ta yi kukan daɗi, ta ɗaga hannu ta yi masa addu'ar da ba ta taɓa yi wa kowa irinta ba. Godiya kuwa ba ta aika ba. Uwa ba ta gode wa ɗan fari, kuma a ganinta in aka ambata abin an ɓata shi.

Haka aka ci gaba. In ciwo ya taso ta je wajen Salisu, in azumi ya matso ta je, kuma ba ta cika dawowa hannu wofi ba. Ba ta wuce gona da iri, don tana tausayin mai zubawa.

Da a nan ta tsaya da sauƙi. Amma daɗi ya yi wa Hajjo yawa, kuma abin da ba ta iya faɗa a fili sai ya riƙa fita ta gefe. Katanga ɗaya ce tsakaninta da Marka, tun suna amare suke tare, haihuwa da mutuwa duk tare suka gani. Ɗan Marka, Jibirin, lebura ne, yau ɗaukar bulo gobe ƙodago. In ya samu yakan shigo da mudun masara ko sandar sabulu, Marka ta yi ta sa masa albarka har a jiyo ta a waje. Can baya Hajjo na taya ta. Yanzu kuwa sai ta taɓe baki, ta ce wa kajinta, yadda za a ji ta bayan katanga, wasu 'ya'yan sai an buga ganga kafin su ba uwa mudu ɗaya, wasu kuwa ko hannunsu na hagu ba ya sanin abin da na dama ya bayar. A gidan suna ma ta maimaita, a gaban mata. Marka ta ji, ta haɗiye, ba ta fasa miƙo mata tuwo ta kan katanga ba.

Damuwar Hajjo ɗaya ce a shekarar, rufin ɗakinta. Kwanon ya ci tsatsa, bara da robobi ta kwana tana tarar ruwa. Don haka ta ɗaure raguna biyu tun kaka, ta yi ta ɗura musu dusa da harawa. Da Babbar Sallah ta gabato wani mai saye daga Kano ya taya da daraja, ya ce ba ya yawo da tsabar kuɗi, sai dai ya tura a asusu. Ya tura, ya nuna wa Mansura shaida a wayarsa, ya loda raguna. Washegari Hajjo ta yi wa kafinta magana, sannan ta wuce wajen Salisu.

Wannan karon ya latsa, ya sake latsawa. Ya zare katin ya goge a rigarsa ya mayar. Daga nan ya ce, murya ƙasa-ƙasa, abin da ke ciki ko bandir ɗaya na kwano ba zai saya ba, kuma wannan ya fi ƙarfinsa, sai dai ta je banki.

Mansura ta ce bari ta kira Yaya. Hajjo ta daka mata tsawa. Yaron da ke ta ɗawainiya a ɓoye, yanzu kuma a ɗora masa bin sawun raguna, a kuma tone zancen da shi da kansa ya rufe? Kuskuren na'ura ne, za ta je da ƙafarta. Da yake ba ta taɓa shiga banki ba, Marka ce ta yafa mayafi ta raka ta, ba tare da an roƙe ta ba.

Wanda bai taɓa bin haƙƙinsa a bankin nan ba bai san wulaƙanci ba. Ranar farko a rumfar waje suka yini, cikin zafin bazara, mai gadi yana shigar da masu manyan riguna ta gefe yana ce wa sauran su yi haƙuri. Da layi ya zo kansu ƙofar gilashin nan mai gano ƙarfe ta ƙi Hajjo, na'urar ta yi ta maganarta da Turanci, sai da aka sa ta cire awarwaro da makullin ɗaki a gaban jama'a. Suna isa ciki aka ce netwok ya ɗauke. Zuwa na biyu suka samu teburin ƙorafi, inda wata yarinya mai suna Zinnira ke zaune tana taunar cingam tana duba wayarta. Hajjo ta gaishe ta har da tambayar mutanen gida, yarinyar ta amsa da hanci, ta karɓi katin ta kalla ta turo shi, ta ce wanda ke duba irin wannan ya fita, a dawo wani satin. Kowane zuwa kuɗin mota ne, kuma hadari ya fara haɗuwa ta gabas. Abu ɗaya ya yi wa Hajjo daɗi, ba ta haɗu da wancan ba, yana can ƙauyuka.

A zuwa na uku da aka ce mata ta dawo, sai ta gyara zama a kujerar ta ce yau ko gawarta ce sai an gaya mata inda ragunanta suka shiga. Zinnira ta yi tsaki ta jawo kwamfuta.

"Mama, obadiraf ne ya cinye."

"Yi mini da Hausa, 'yar nan."

"Bashi. Kin yi ta cin bashin banki tun bara. Da kuɗi suka shigo aka cire, da ruwansa, da tarar jinkiri ta kowane wata, da kuɗin kula da asusu."

Hajjo ta ce ita tun da take ba ta taɓa cin bashin banki ba, kuɗin da take cira zuba mata ake yi. Yarinyar ta tambaye ta wa ke zubawa. Nan bakin Hajjo ya mutu, don amsar suna ce, kuma sunan ba ya fita daga bakinta. Zinnira ta ɗauka rashin gaskiya ne, ta ɗaga murya yadda ake yi wa kurma.

"Babu wanda ya taɓa zuba miki ko sisi. Kuɗin gyaɗa ne da na kwanan nan, shi ke nan. Sauran duk kuɗin banki kika ci."

Duk wanda ke layi ya ji. Wani saurayi ya yi dariya ya rufe baki. Hajjo ba ta damu da su ba, ba ta san su ba. Marka ce a tsaye a kafaɗarta, Markar da aka yi wa habaicin ganga da mudu, kuma ta ji komai da kunnenta. Hajjo ta so ƙasa ta tsage. Ga takin da ta zuba, ga maganin da ta sha, ga sukarin azumi, ashe duk bashi ne mai ruwa, ita da ko goro ba ta ci da bashi.

Kunya in ta rasa mafita sai ta koma faɗa. Hajjo ta miƙe ta ce abin da ta ci ta yarda a cire, ba ta cin haƙƙin kowa, amma wa ta roƙa ya ba ta? Wa ya gaya mata? Kuma ta yaya abin da aka ɗora zai zarce abin da ta ci? Wani dattijo a layi ya ce wallahi gaskiyarta, shi ma haka aka yi masa. Wani ya karɓa, hayaniya ta tashi. Abin da gaisuwa da ladabi ba su yi ba sai ga shi hayaniya ta yi, manaja ta fito da kanta, wata Hajiya mai tabarau, ta ce Mama ta shigo ofis.

A ofis akwai sanyi da kujera mai laushi, har ruwa aka kawo musu. Manajar ta duba kwamfutarta ta yi bayani da lallami. Ta ce bashin tare yake zuwa da irin wannan asusun, kuma ƙa'ida ce wanda ya buɗe wa mutum ya yi masa bayani. In ya tabbata ba a yi mata ba, za a iya dawo mata da ruwan da tarar duka, abin da ta ci kawai za a riƙe. Sai dai laifin zai koma kan ma'aikacin da ya buɗe, kuma ɗan kwantiragi ba ya tsallake irin wannan. Haka abin yake, waɗanda suka ƙirƙiro tarkon suna can sama a zaune, in ya kama wanda ya yi ƙara sai a nemo mafi ƙanƙanta a cikin gida a yanka. Hajjo ta lissafa a ranta, abin da za a dawo da shi zai rufa ɗakin har a samu na ƙusa.

"Kuma akwai abin da ban gane ba," in ji manajar. "Duk wata muna tura saƙon gargaɗi. Lambar da ke kan asusun ba taki ba ce, ta ma'aikacinmu ce."

Ta ɗaga waya ta ce a turo mata Badaruddeen in ya dawo. Ya dawo. Ya shigo da sallama, farar rigarsa ta yi ja da ƙurar hanya, ya ga wadda ke zaune, gwiwarsa ta fara lanƙwasa za ta kai ƙasa don gaisuwa, ya tuna inda yake ya tsaya a karkace. Hajjo ta kafa ido a kan kofin ruwan da ke gabanta. Ta riga ta gane. Duk cirar da ta yi, duk tarar da aka ɗora, a aljihunsa wayar ke ƙara. Ya sani tun ranar taki.

Manajar ta tambaye ta ko ta san shi. Ta ce ɗan garinsu ne.

"Ya yi miki bayanin bashin nan lokacin da ya buɗe miki?"

Hajjo ta ji numfashinsa daga inda take. Ta tuna robobin bara, ta tuna ragunan da ta yi wata da watanni tana tashi da asuba dominsu. Marka ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin mayafi.

"Ya yi," in ji Hajjo. "Tsufa ne, na manta. Lambar ma ni na ce ya sa tasa, ba na karatu."

Manajar ta kalle ta ta saman tabarau, ta kalli yaron, da alama ba ta yarda ba, amma amsar ta yi mata daidai. Ta ce to in haka ne babu abin da banki zai iya, sai dai Mama ta kiyaye gaba. Hajjo, wadda ɗazu ta tayar da banki da faɗa, ta fito ta ratsa layin nan a matsayin tsohuwar da ta ci bashi ta manta ta zo tana yi wa mutane ihu. Dattijon da ya goya mata baya ya tambaye ta yaya aka ƙare, ta wuce kamar ba ta ji ba.

A tasha Badaruddeen ya same su, suna jiran mota ta cika. Ya durƙusa a ƙasa cikin ɓawon rake, bai kula da farin wandonsa ba. Marka ya fuskanta, don ita ce za a iya yi wa magana. Ya ce ranar da saƙon farko ya shigo ya yi niyyar aikowa a gaya wa Adda ta daina. Kafin ya aiko sai Mansura ta kira shi tana murna, ta ce Adda na ta sa masa albarka, har a gidan suna ta yi zancensa.

"Inna Marka, tun da nake ban taɓa jin an ce ta yabe ni ba," ya ce. "Sai na kasa. Na ce in albashi ya zo zan cike kafin ta sani. Albashin bai taɓa kai ni ƙarshen wata ba, abin kuma yana ta hawa."

Hajjo tana kallon wata mai tallan gyaɗa can nesa, amma kowace kalma ta shige ta. Ta zo da fushin da za ta ɗora masa, sai ta tarar rabin kayan nata ne. Da sau ɗaya ta aika Mansura da kalmar godiya, da dole ya faɗi gaskiya tun bashin bai fi kuɗin buhun taki ba. Da kuma ta taɓa barinsa ya ji yabonta tun yana yaro, da bai saye shi da ragunanta ba. Kwandasta ya buga mota ya ce saura mutum biyu.

Hajjo ta miƙe ta gyara mayafi, ta ce wa Marka, "Ki gaya masa addu'ar da na yi masa ban janye ba."

Ba ta waiwaya ba, amma ta ji lokacin da kukan ya ƙwace masa.

Har suka iso Garo Marka ba ta tayar da zancen habaicin ba. Ita ta biya kuɗin mota, ta yi kamar canji ne ya rage a hannunta. Hajjo ta so a ce ta yi mata gori ko sau ɗaya, da ta samu abin riƙewa. A bakin rijiya mata suka tare su da yaya aka yi, an ga kuɗin? Hajjo ta buɗe baki ba ta san me zai fito ba, sai Marka ta riga ta. Ta ce rikicin banki ne kawai, sun cinye na cinyewa, amma ɗanta ya tsaya mata, har tasha ya rako su. Matan suka ce ai haihuwa mai rana ke nan, Allah ya ba kowa irinsa.

Ruwan farko ya sauka ana saura kwana kaɗan Sallah, ya sami robobi a jere a ɗakin Hajjo. Da gari ya waye ta ji motsi a sama. Ta leƙo ta ga tsani a jingine, Jibirin a kan rufi da tsohon kwanon da ya roƙo a wajen aiki da gwangwanin kwalta, yana bin hudojin ɗaya bayan ɗaya. Ya gaishe ta daga can, ya ce Innarsa ce ta ce ya duba kafin ya fita.

Hajjo ta koma ciki ta zauna a bakin gado, guduma na bugawa a kanta. Ta san abin da ya kamata ta yi. Ta fito tsakar gida ta tsaya daidai katangar, ta ɗaga murya yadda za a ji ta a gidan Marka, ta ce Allah ya yi maka albarka, Jibirin. Daga bayan katanga Marka ta amsa da amin, ta ci gaba da dakanta.